Mutum na Goma Sha Huɗu

Masu bin wannan labari, sannunku da haƙuri. Da yawanku sun rubuto suna tambaya ko an sa rana. Ba a sa ba. Zan faɗi dalili, amma ku bar ni in bi shi daki-daki. Shekara huɗu na yi a ɗakin labarai na wata jarida kafin ta daina fitowa, kuma abin da aka koya mini a can shi ne a fara da wane ne, yaushe, a ina. Kuka sai an rufe shafi.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Damaris, shekarata ashirin da tara. Muna zaune a Nasarawa, kudu da kogi, a ɗaki biyu da falo, ni da mahaifiyata Judith da mahaifiyarta, Kaka Rebecca. Babana ya rasu bayan rufe masaƙar da yake aiki a Kakuri. Mama tana sayar da atamfa da leshi a falo. Kaka ta haura tamanin. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko ƙadangare ya gifta kan kwano sai ta ce ga inda ya nufa.

Kaka ba ta taɓa ganin mahaifinta ba. Sunansa Shekari. A daminar 1942, tana ciki wata bakwai, aka zo ƙauyenmu can bayan Kafanchan neman mutanen da za a kai yaƙin Boma. Masu ɗaukar kaya a ka ake so, waɗanda za su bi sojoji cikin kurmi inda mota ba ta shiga. Aka ɗora wa dagaci mutum goma sha huɗu. Goma sha huɗu suka tafi, takwas suka dawo. Biyar an aiko wa gidajensu da labari, aka yi musu makoki. Shekari kuwa ba shi, ba labarinsa. Waɗanda suka dawo suka ce tun a tashar jirgin ruwa aka raba su, daga nan kowa ya ja bakinsa.

A wajenmu ba a yi wa mutum makoki sai an ga gawa, ko an ji daga bakin wanda ya isa ya faɗa. Saboda haka mahaifiyar Kaka ba ta zama gwauruwa ba, ba ta kuma zama matar aure ba. Shekara talatin da bakwai tana share ɗakinsa, har ta mutu.

Shekara biyu da suka wuce na ji cewa hukumar da ke kula da sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin, can ƙasar waje, ta buɗe ƙofa. Duk wanda aka manta da shi, a kawo hujja, za a sassaƙa sunansa a dutse. Ba ni da aiki a lokacin. Na fara haye gada.

Kullum da safe keke zuwa bakin titi, bas zuwa tsallake, sannan ƙafa zuwa gidan da ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati. Ɗaki ne mai fanka ɗaya da dogon teburi. Yawancin ranaku ni kaɗai ce a ciki, da fensir, da manyan littattafai ɗaure da igiya waɗanda gefensu ke marmashewa a yatsa. A wata na biyar na samo shafin ƙauyenmu. Layi goma sha huɗu: lamba, suna, tsawo, alamar jiki, ƙarshen mutum. Na karanta sau uku. Babu Shekari.

Takwas da suka dawo suna nan. Biyar da aka yi wa makoki suna nan. Na ƙarshe wani ne da ban sani ba:

174062. Didam. Ƙafa biyar da inci bakwai. Ba ƙaramin yatsa a hannun hagu. Ya mutu da zazzaɓi, 9 ga Maris, 1944.

Na je ƙauye na tambaya. Dagacin yanzu, wanda daga wani gida ne dabam, ya yi dariya ya ce, "Didam guda nawa kike so? A zagayen nan kaɗai zan tara miki bakwai."

Ga laifina, kuma zan faɗe shi sau ɗaya. Takarda ta ce babu Shekari, tsohuwa ta ce akwai, sai na yarda da takarda. Na ce wataƙila daga wata gunduma aka ɗauke shi. Na aika wa hukumar sunaye shida, har da Didam, da hannuna. Suka karɓa. Ni kuma na ci gaba da neman kakan mahaifiyata a littattafan garuruwan da bai taɓa takawa ba.

Kowace yamma in na shigo, Kaka na zaune a bakin ƙofarta da ɗankwalinta mai ruwan ƙasa.

"Ƙawata, kin same shi?"

"Tukuna, Kaka."

"To, ci abinci."

Mama kuwa daga cikin tulin atamfa take jefo nata. "Sa'o'inki suna kai 'ya'ya makaranta, ke kina kai matattu Ingila. In an tambaye ni a zumuntar mata wa kike nema, sai in ce wani ne ɗan 1942."

A cikin wannan zaman Harrison ya shigo. Na sa sanarwa a Fesbuk ina neman jikokin waɗanda suka je Boma. Mutum uku suka danna alamar so, ɗayansu ƙanwar Mama ce. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo:

"Sannu da ƙoƙari, Anti. Kakana ma ya je Boma, sai dai shi ya dawo. In kina neman mai kai ki wani wuri, ina da mota. Tsohuwa ce, amma tana da tarbiyya."

Aikinsa haɗa wutar sola, shagonsa a Sabon Tasha. Dogo ne, ba ya katse mutum in yana magana. Ku da kuke da masu sauraronku ba za ku gane girman wannan ba. Na taɓa yi masa bayanin awa guda a kan yadda ake ɗaura wa mutum buhun shinkafa da akwatin harsashi a ka, bai taɓa wayarsa ba. Ya sa wa Kaka ƙwai mai haske a ɗakinta. Ta fara kiransa mijina, shi kuma in ya shigo sai ya durƙusa ya ce, "Amaryata, yau me aka ajiye mini?" Da Mama ta ji asalinsu daga yankinmu ne, sai ta fara ba shi nama biyu.

Sau da yawa na ce ya nuna mini kayan kakansa, wanda suke kira Baba Soja. Kullum amsa ɗaya: "Ranar da za ki zo gaida su Baba, za ki gani."

Ranar ta zo Asabar ɗin da ta wuce. Tsarin shi ne in je in gaishe su a Kakau, su kuma su zo gidanmu Asabar mai zuwa a sa rana. Tun ranar Juma'a Mama ta aro kujerun roba hamsin daga coci, aka jingine su a bangon tsakar gida. A makon ne kuma hukumar ta rubuto cewa ranar Juma'a mai zuwa za a miƙa sunaye ga masu sassaƙa, duk mai gyara ya yi kafin nan.

Mama ce ta zaɓi kayan. Atamfa koriya mai zanen ganye, riga da siket, hannun ya sauko har gwiwar hannu. Ta ɗaura mini ɗankwali sau uku tana kwancewa.

"Ki durƙusa sosai. Ki ci abin da aka ba ki. Kuma don Allah, Damaris, ki bar matattu a gida yau ɗaya."

Gidan yana bayan titin Abuja, masara ta kewaye shi har ta fi katanga tsawo. Mahaifiyar Harrison ta rungume ni ta koma kicin. Mahaifinsa, Baba Timothy, tsohon hedimasta ne kuma dattijon coci, farar riga, tabarau a tsakiyar hanci. Na durƙusa. Ya sa mini albarka. Da na ɗago sai na ga bangon.

Hoto ne babba a cikin gilashi. Tsoho a zaune, sanye da kwat, ya ɗora hannu biyu a kan sanda. A ƙasa an rubuta: Baba Didam Soja, ya huta 1991. A ƙarƙashin hoton, cikin gilashin, an maƙale wani ɗan abu ja, zagayayye, bai fi murfin kwalba ba.

Na san abin. Duk wanda aka kai yaƙin ana rataya masa lamba biyu a wuya, koriya da ja. In ya mutu, koriyar a binne shi da ita, jar a cire a aika gida. Mutumin da ya dawo da ƙafarsa ba ya zuwa da ja ita kaɗai.

Na matsa kusa. 174062.

Na koma kan hoton, na ƙirga yatsun da ke kan sandar. Na sake ƙirgawa. Goma.

"'Yata, kin daɗe a wurin nan," in ji Baba Timothy.

"Baba, jar ce kaɗai. Ina koriyar?"

Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga. "Harrison, je gona ka karyo wa baƙuwarmu masara. Ka zaɓo masu kyau, kada ka yi sauri."

Harrison ya dube ni, ya dubi ubansa, ya fita.

"Zauna," in ji Baba. Na zauna a gefen kujera. Bai yi kwana-kwana ba, wannan kam na yaba masa.

"Mahaifina ɗan dagaci ne, shi kaɗai ne namiji. Malamin Bature ya riga ya rubuta sunansa cikin goma sha huɗun. Kakana ya kira wani mai yi masa noma, ya ce, in an kira Didam ka amsa. Sauran goma sha ukun aka rantsar da su. Mahaifina kuma aka tura shi haƙar kuza a Jos, don mutumin da takarda ta ce yana Boma bai kamata a gan shi a kasuwa ba. Da lambar nan ta iso tare da takardar rasuwa, gidan mai sunan aka kawo ta. In kakana ya je ya gaya wa matar mai noman, ya tona kansa, kuma ɗauri ne. Sai ya sa ta a tukunya ya rufe."

"Shi kuma Baba Soja?"

"Bai koma ƙauye ba. Ya zo nan ya sari daji. Wata rana wani ya ga lambar a kayansa, ya ce, ashe soja ne. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Daga baya ya fara cewa e."

Daga kicin ina jin ana daka yaji.

"Wa ya amsa sunan, Baba?"

"Ai kin sani."

"Ina so in ji."

"Shekari," ya ce.

Ban taɓa jin sunan a bakin wanda ba ɗan gidanmu ba. Na riƙe jakata da hannu biyu.

"Ki saurare ni, 'yata. Sunan Baba Soja yanzu ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai ɗakin karatu a cocinmu da sunansa. Jikoki talatin da ɗaya, kowane Janairu suna taruwa a yi godiya. Wasu sun shiga soja saboda shi. Ke kuma ga ki za ki shigo gidan nan. Ranar da kika shigo, lambar ta koma hannun jinin wanda ya amsa sunan. 'Ya'yanki jikokin su biyun ne. Ubangiji ya riga ya daidaita abin cikin rufin asiri. Me zai sa a kai wa Turawa?"

"Dutsen fa? Didam za a rubuta."

"Didam ai suna da yawa. Dutse ba ya jin ciwo, 'yata. Mutane ke ji."

"Kakata tana da rai, Baba."

Ya mayar da tabarau.

Aka kawo faten acha da kaza. Na ci, kamar yadda Mama ta ce. Na yaba miya. Na durƙusa na yi sallama. A mota ruwa ya kece, masarar na birgima a kujerar baya.

"Me Baba ya ce miki?"

"Ya ce masara ta yi kyau bana."

"Dama," ya ce, yadda yake taƙaita sunana.

"Kula da hanya, ga tirela."

Da na shiga gida Kaka ta ce, "Ƙawata, kin same shi?" Na ce kaina ke ciwo, na wuce.

Ranar Lahadi bayan coci na gaya wa Mama, ƙasa-ƙasa, a falo. Tana ninke leshi. Ba ta daina ninkewa ba har na gama.

"To," ta ce. "Ni ma kakana ne. Kada ki dube ni kamar ba ni da zuciya. Amma shekara tamanin ne, Damaris. Ba zai tashi ba."

"Mama, sun sani. Suna kallon kakarki tana share ɗaki."

"Waɗanda suka kalle ta sun mutu. Yaron nan bai kalli kowa ba." Ta ajiye leshin. "Kakata ta jira nata har ta mutu. Uwata ta binne nata. Ni na binne nawa. Leƙa bakin ƙofar nan ki ga ko akwai takalmin namiji. Ke ko farawa ba ki yi ba, kina neman zama ta huɗu. Na san zaman ɗaki ni kaɗai, shekara goma sha shida. Ba ki san shi ba, jin labarinsa kike."

Ban ce mata na fara saninsa ba.

"Kada ki gaya wa Kaka," ta ce. "Ki bar ta ta tafi da tukuna. Ta saba da shi."

Mun manta da kunnen.

Litinin da safe ina shafa wa Kaka man zafi a ƙafa, rana ta shigo ta taga, sai ta ce, "Ƙawata."

"Na'am, Kaka."

"Wanda kika samu ɗin, yatsunsa nawa?"

Hannuna ya tsaya a idon sawunta.

"Uwata ta ce lauje ya cire masa ƙaramin na hagu, a yankan acha, shekarar da suka yi aure. Ta ce ko a cikin mutum dubu da hannun za ta gane shi."

Layin yana cikin wayata fiye da shekara guda. Tana ɗaki ɗaya da ni.

"Kaka, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Kin tambaya? Kullum wace shekara, wane wata. Ni na san wata? Ni fa a ciki nake."

Na buɗe hoton shafin na karanta mata, na mayar mata da Hausa. Tara ga Maris. Zazzaɓi.

"Zazzaɓi," ta ce. "Ba harbi ba."

"A'a."

"Akwai wanda ya ba shi ruwa?"

"Takardar ba ta faɗa ba."

Ta gyaɗa kai. Ta sa hannu ta kwance ɗankwalinta, ta ninke shi huɗu, ta ɗora a cinya. Ban taɓa ganin kanta a buɗe da rana ba. Gashin ya yi fari fat, kaɗan ne ya rage. Ba ta yi kuka ba.

"Wa aka gaya wa?"

Na faɗa mata duka, har sunan gidan.

"Mijina," ta ce a hankali, kamar tana ɗanɗana kalmar ta ji ko ta lalace. Can ta ce, "Ni ban ce ki bar yaro ba. Ba nawa ba ne in ce. Amma in za a rubuta, a rubuta na ubana. In ba za a rubuta ba, a bar dutsen haka nan. Ya amsa sunan wani sau ɗaya. Ya isa."

Talata na haye gada. Na sa aka sake fito mini da littafin, na ɗauki hoton layin kusa-kusa. Na zauna a kan bencin da ke waje, ƙarƙashin bishiya, na rubuta wa hukumar layi shida. Na ce suna na shida kuskure ne, kuma nawa ne. Na ce mai sunan ya rayu har 1991 da yatsu goma. Na nemi a dakatar. Na karanta sau biyu, na gyara waƙafi ɗaya, na aika.

Laraba suka amsa. Za su cire Didam. Kafin su sa Shekari kuwa, suna buƙatar hoton lambar gaba da baya, da takardar shaida mai sa hannun wani daga iyalin da aka kai wa ita. Kafin Juma'a. In ba haka ba, dutsen zai tafi da biyar.

Wato na cire wanda bai mutu ba, ban kuma sa wanda ya mutu ba.

Na kira Baba Timothy sau ɗaya. Ya ce, "'Yata, na gaya miki abin da na gaya miki a matsayin uba. Hannuna ba zai hau takarda ba." Ya sa mini albarka kafin ya kashe.

Mama ta daina yi mini magana. Ba faɗa, ba zagi. Ta kwashe leshin da ta ware don biki ta mayar akwati, ta rufe. In ta zuba abinci sai ta ajiye nawa a kan firji. Kaka ta daina tambayata da yamma, kuma ban san haka zan yi kewar tambayar ba. Saƙonnin Harrison suka jeru:

"Kin ci abinci?"

"Dama, ki ce wani abu."

"Ko zagi ne."

"Na wuce ta layinku ban tsaya ba."

Na karanta duka. Ban amsa ko ɗaya ba, don akwai tambaya ɗaya da nake tsoron amsarta.

Jiya Alhamis, wajen ƙarfe uku da rabi, na ji tsayuwar motar. Duk unguwa sun san tarinta. Ya shigo da kayan aiki, riga mai ruwan toka da ƙurar rufi a kafaɗa. Ya gaida Mama, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya wuce bakin ƙofar Kaka ya durƙusa. Bai ce amaryata ba.

"Kaka, na kawo miki kayanki."

Ya kwance hankici. Ya ɗauki hannunta ya sa mata a tafi.

"Baba bai san na ciro ba," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Zai sani in ya shiga falo."

Kaka ta bi lambobin da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ta kai hanci ta shinshina. Ta auna a hannu.

"Ba nauyi," ta ce.

Mama ta tashi. Na ɗauka fita za ta yi. Sai ta ɗauki almakashi, ta yanko siririn gefe daga sabuwar atamfar da ba a taɓa buɗewa ba, ta zura a ramin lambar, ta ɗaura wa uwarta a wuya. Ta koma ta zauna, ta juya mana baya.

Na ɗauki hoton lambar, gaba da baya, a kan ƙirjin Kaka. Sannan na fita tsakar gida wurin famfo. Harrison ya biyo ni.

"Sun ce wani daga iyali," ya ce. "Ni ma iyali ne. Kawo takardar."

Na riga na rubuta ta tun Laraba, ban san don wa ba. Na miƙa masa. Kafin ya ciro biro na ce, "Tambaya ɗaya."

"Na sani."

"Saƙonka na farko. Ka san ko ni wace ce?"

Ya dubi kujerun da ke jingine a bango. "Baba ne ya ga sanarwarki. Ya ga sunan ƙauye. Ya ce in je in ji iya abin da kika sani."

"Wato aiko ka aka yi."

"Da farko."

"Gidanku kun iya aike."

Ya karɓi maganar bai kare kansa ba. "Daga baya da ƙafata na riƙa zuwa, Dama."

"Daga wace rana?"

"Ban san rana ba."

"Wane wata?"

Sai na ji muryata, irin tambayoyin da na yi ta yi wa Kaka, na daina.

Ya ɗora takardar a kan murfin randa ya karanta har ƙarshe. Ya rubuta cikakken sunansa, ya ƙara a ƙasa, jikan Didam. Sa hannun ya ɗan karkace. Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na aika. Shekari, 174062.

Daga ciki Kaka ta ɗaga murya, ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Judith! A kira fasto. A aika ƙauye. Asabar za a yi makoki."

"Asabar, Mama?" in ji mahaifiyata. "Asabar ai..."

"Na san abin da aka shirya Asabar. Kada a mayar da kujerun."

Harrison ya tafi ba wanda ya ce ya zauna. Na ji motar ta yi tari sau biyu kafin ta kama.

Yau Juma'a da safe hukumar ta rubuto layi ɗaya: an karɓa, sunaye shida. Na karanta wa Kaka. Ta ce in maimaita na shidan. Na maimaita. Ta ce, "To, ci abinci."

Mama ta fito da baƙin zani guda uku ta shanya. Na jera kujerun ni kaɗai, layi biyar, goma-goma, suna kallon ƙofar Kaka. Ina kan layin ƙarshe wayata ta yi ƙara.

"Baba ya ce kada in koma gida sai da lambar. Ina shago. Gobe in zo? Ba aiko ni aka yi ba."

Na ajiye wayar a kan kujera ta hamsin. Har yanzu tana can.